Yadda Ake Sassaƙa wa Suruki Alƙalami

Kai da ka shekara biyu ba aiki, kana zaune da matarka a ɗakin baya na gidan mahaifinta, matso kusa. Na san abin da ke cin ranka. Kalma ɗaya kake nema daga bakin tsohon nan, wato "madalla", kuma tunda ka tare bai taɓa furta maka ita ba. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari sai ka ji ta da kunnenka.

1. Samo inji kafin ka san aikinsa

Kalli bidiyo uku a waya, inda wani yake mayar da guntun katako alƙalami cikin minti huɗu. Karatu ya isa haka. Nemo tsohon injin juya katako, ka kafa shi a baranda kusa da igiyar shanya. In matarka ta ce, "Wannan kuma na mene ne?" ce mata, "Sana'a." Kada ka ƙara komai, don kai ma iyakar saninka ke nan.

2. Kada ka saurari kafinta

Kafintan bakin layi zai ce maka, "Malam, nemi busasshen katako wanda ya shekara a ajiye. Ɗanye ƙanƙancewa yake yi in ya bushe, sai ya tsage." Yi masa murmushi ka wuce. Mutumin da ya shekara talatin yana buga benci, me ya sani game da alƙalami?

3. Zaɓi itace mai tarihi

A tsakar gida akwai bishiyar gwaba da surukinka ya dasa da hannunsa, wadda yake dubawa kowace safiya kafin ya amsa gaisuwarka. Ranar da ya tafi awon ido, sare reshe ɗaya, ka shafa laka a wurin saran. Masana sun tabbatar cewa kyauta ta fi shiga rai idan daga kayan mutum aka yi masa ita.

4. Kunna inji, ka sunkuyar da kai

Huda guntun reshen, ka tura masa siririn bututun ƙarfe da gam, ka ɗaura a inji. Na farko zai ƙwace ya bi ta gefen kunnenka ya sami taga. Na biyu zai dare a daidai lokacin da ka ce saura kaɗan. A na uku gam zai haɗe maka yatsu biyu, ka wuni kamar mai ɗibar gishiri. Garin katako kuwa zai sauka a kan wankin matarka. In ta tsaya tana harararka, alfahari take yi da kai.

Reshe zai ƙare. Koma bishiya. Ai ka riga ka san inda laka take.

5. Miƙa kyauta a gaban mutane

Na bakwai zai yi kama da alƙalami. Goge shi da samfefa, ka shafa masa mai, ka sa masa bakin rubutu, ka rufe a ƙaramin akwati har mako uku. Kada ka leƙa, gwani ba ya shakkar aikinsa. Jira ranar da abokan tsohon suka zo hira, ka durƙusa ka ce, "Baba, ga ɗan abin da na yi muku da hannuna."

Zai buɗe. Zai tarar da tsaga tun daga kai har baki. Zai murɗa, bakin rubutun ya ƙi fitowa, don katakon ya shaƙe shi. Daga nan zai kai shi hanci ya shinshina, ya ce, "Gwaba ce."

A nan kunya za ta rufe ka. Daure, nasara ta kusa.

6. Karɓi yabonka

Zai tashi a hankali ya nufi bishiyar. Zai ƙirga tabon laka uku da sabon tabarau ɗinsa. Sai ya sunkuya ya soka alƙalamin a ƙasa, ya tsiyaya masa ruwa daga buta, ya juyo wajen abokansa.

"Madalla," zai ce. "A bar shi nan, ƙila ya kama. A gidan nan duk abin da aka kawo ajiyar kwana biyu, saiwa yake yi."

Ka ji kalmar ko ba ka ji ba? To, na cika alkawari.

Gargaɗi: gilashin taga, fatar yatsu, wanki da mutuncin da duk suka salwanta a wannan hanya, babu ruwan marubuci, kuma ba ya karɓar ƙorafi. Da safe ma ba a samunsa, yana gindin gwaba da buta, don shi ma an ɗora masa ban ruwan nasa alƙalamin.