Iskokin Ingilishi a Gindin Tsamiya

Ba zan taɓa mantawa da daminar da aka turara ni kamar sabuwar randa ba, a tsakar gidanmu na Dakoro, gaban mata da yara da duk wanda ya ga damar leƙowa ta saman danga. Har yau in na shaƙi hayaƙin saiwa sai in ji kunya ta taso mini tun daga tafin ƙafa.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ina cikin ƴan tsirarun yaran garinmu da suka wuce kwaleji a Maraɗi. Faransanci ba laifi, lissafi ma muna gaisawa, amma Ingilishi ya ƙi ni ƙiri-ƙiri. Ana gab da hutun damina shugaban makaranta ya kira ni ya ce da an dawo za a sake mini jarrabawa, in na faɗi in naɗe tabarmata in koma gida. Ni kuwa da na sauka daga mota a Dakoro, wando ya sha guga, takalmi na ƙyalli, aka tambaye ni ya karatu, sai na buɗe baki na ce, "Ingilishi? Ai kamar fura nake shan shi." (Ba wanda ya tambaye ni Ingilishi fa. Ni na kawo zancen da kaina.)

To, wanda ya ce kamar fura yake shan abu ba ya zama tsakar gida yana gumi a kansa. Dole in nemi wurin ɓuya. Da safe muna gona, da yamma muna gona, lokacin da ya rage mini shi ne rana tsaka, sa'ad da kowa ya kwanta. Inuwar da ba mai zuwa kuma ita ce ta wata tsohuwar tsamiya a bayan gari. Na san abin da ya sa ba mai zuwa. Duk ɗan garin ya san tsamiya gidan iskoki ce, rana tsaka kuma lokacin fitarsu. Amma ni ɗan kwaleji ne, na wuce wannan.

Malaminmu na Ingilishi, wani mutumin Dahome, yana da tasa dabara. Ya ce harshe ba ya shiga kai sai ya bi ta jiki. Ka karanta da ƙarfi. In ka zo waƙafi ka gyaɗa kai, in ka zo aya ka buga ƙafa a ƙasa, in tambaya ce ka karkace wuya ka zaro ido. Darasin da na fi maimaitawa hira ce tsakanin wani Bature da wata Baturiya a tashar jirgin ƙasa, suna neman laimar da ta ɓace. Sai in yi muryar namiji in miƙa hannu, in koma ɗaya gefen in siranta murya in karɓa, ina gyaɗa kai, ina buga ƙafa, ina zaro ido. Gaskiya ina jin daɗin kaina.

Ashe Jumma, Bafulatanar da ke kawo mana nono, ta nan take ratsawa. Ba ta tsaya ko'ina ba sai ɗakin kakata.

Kaka ita ce ta raine ni, tana kirana mai gidanta, kullum muna cikin tsokanar juna. Amma ranar da na shigo gida na tarar da ita zaune kan turmi, babu alamar wasa a fuskarta. Gefenta ga Ƴar Baƙa, tsohuwar da ke yi wa masu iskoki magani, da kaskon garwashi a gabanta. Matan maƙwabta sun cika gidan, kowacce ta yi tagumi.

"Mai gida, zo nan," in ji Kaka. "Da wa kake magana gindin tsamiya?"

Na ce ni kaɗai ne.

"Kun ji ko? Shi kaɗai! Jumma ta hwaɗi, ban yarda ba, na tahi da ƙahwata na laɓe cikin gero. Murya biyu na ji, ta namiji da ta mace. Ka ba iska hannu, ka yi mata dariya."

Ƴar Baƙa ta dube ni sama da ƙasa ta ce ai ba sai an faɗa mata ba, Babule ne, iskokin nan masu yaren Turawa da buga ƙafa irin ta soja. Kaka ta share hawaye ta yanke hukunci: a Maraɗi na kwaso su, don haka ni da Maraɗi har abada. Na dubi Baba ko zai cece ni. Baba, wanda dama gonarsa na neman ƙarin hannu, ya duƙar da kai yana gyaran ƙotar hauya kamar ba a gidan yake ba.

Ina tsoron jarrabawa ta kore ni, ga shi tun ban zauna mata ba za a kore ni daga gida. Na ce, "Kaka, wallahi Ingilishi ne nake koyo!"

"Kai da ka ce kamar hura kake shan shi? Mi ya kai mai shan hura gindin tsamiya da rana tsaka?"

Ba yadda na iya. Gaban matan unguwa, har da Hadiza ƴar maƙwabtanmu, wadda saboda ita nake goge takalmin nan, na faɗi gaskiya: ni ne na ƙarshe a aji, kuma saura ƙiris a sallame ni. Na zaci shi ke nan na wanke kaina. Sai Kaka ta tafa hannu ta ce, "Wayyo ɗan nan! Ashe har sun toshe mishi kai!"

Dabara ɗaya ta rage mini. Na ce a kira Alhaji Isuhu, ɗan kasuwar da ke kai hatsi da fatu Kano, ya ji da kunnensa ya shaida. (Ka lura, ni na ce a kira shi. Ba wanda ya tilasta ni.) Alhaji ya zo, aka shimfiɗa masa tabarma, ya zauna yana jan carbi. Na miƙe na gyara murya na fara hirar laima. Na yi niyyar tsayawa cak kamar mutumin kirki, amma jiki ya riga ya saba. Waƙafi na zuwa kai ya gyaɗu. Aya na zuwa ƙafa ta bugi ƙasa, har kaji suka watse. Da na iso inda Baturiya ke tambaya, murya ta sirance, wuya ya karkace, ido ya fito. Wata yarinya ta ƙwalla ihu ta shige bayan uwarta.

Na gama, ina haki, ina jiran shaida. Alhaji ya ce, "To, ni dai na daɗe ina shiga kantunan Kano. Na ji Ingilishi bakin masu shi. Wanga kuwa..." Ya girgiza kai, ya jawo takalmansa. "Allah shi ba shi lahiya."

Gidan ya ɗauki salati.

Kafin in ce wani abu an zaunar da ni, an tura kasko tsakanin ƙafafuna, an lulluɓe ni da bargo. Ban san abin da Ƴar Baƙa ta zuba a garwashin nan ba, amma na yi tari, na yi atishawa, hawaye da majina suka haɗu. Daga waje ina jin ta tana tambaya, "Sun hita?" Na ce babu kowa. Ta ƙara saiwa. "Sun hita?" A cikin duhun bargon nan na yi lissafin da ya fi duk wanda na taɓa yi a kwaleji: mai iskoki in sun fita ya warke, ya koma makaranta, amma wanda ya ce ba shi da su, hayaƙi bai ƙare masa ba. Sai ni, ɗan boko, wanda ya wuce wannan, na ɗaga murya na ce, "Sun hita! Da namijin da macen, duk sun hita!"

Aka yi guɗa. Na ji muryar Hadiza cikin masu dariya.

Kaka ta yarda in koma Maraɗi bisa sharaɗi guda: sauran hutun, in zan yi yaren nan, in yi shi a gabanta, ta ga ko za su dawo. Haka na ƙare daminar ina karatu a gindin turmi, ta tsare ni da ido, yaran unguwa sun jeru bayan danga suna buga ƙafa duk inda na buga. Abin haushi, karatun ya fi shiga a nan, domin Kaka ba ta bari in tashi sai ta gama kaɗin audugarta. Na ci jarrabawar da ƙyar, kamar an jawo ni ta kafar allura.

Da labari ya iso Dakoro, ba wanda ya ce na yi ƙoƙari. Kaka ta aika wa Ƴar Baƙa zakara, kuma har ta koma ga Allah tana gaya wa baƙi cewa da hayaƙi ta buɗe wa mai gidanta kai. Na yi shekara da shekaru ina koyar da Ingilishi, amma in na je gida tsofaffi Mai Tsamiya suke kirana, suna tambayata ya baƙin nawa.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake gaya wa ɗalibaina: in ba ka iya abu ba, zauna tsakar gida ka ce ba ka iya ba. Wanda ya ce shi daƙiƙi ne dariya kawai za a yi masa. Ni da na ɓoye, an yi dariyar, an kuma haɗa mini da hayaƙi.