Kazar Roba a Aljihun Mai Neman Aure

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da kaza ta yi kuka a aljihuna gaban surukina. Lokacin ina tuzuru, ina tsaron kantinmu a kasuwar Diffa. Cikin kayan da suka zo mana daga Maiduguri akwai wani agogon dafa ƙwai, jar kaza ta roba. Ka murɗa wuyanta, lokaci na cika ta ƙwala ƙara. Babu wanda ya taya, sai na kai ta ɗaki (tuzuru da ƙwai ai sai Allah).

Ranar da za mu je neman auren Falmata, ina tsugune gaban tukunya Kawu ya yi sallama. Don kada ya ce ɗan Damagaram ya zama kuku, na cusa kazar a aljihun babbar riga.

Mahaifinta, Baba Kyari, manomin tattasai ne a wani ƙauye a bakin kogin Komadugu, kuma ya sha faɗa cewa ɗan kanti ba ya da amfani a gona. Muka same shi rai a ɓace, don 'ya'yansa maza biyu sun wuni suna rigima kan injin ban ruwa, kowa na cewa ɗan'uwansa ya cinye masa lokaci. Na zauna kai a sunkuye. Hannuna da ya rasa abin yi ya shiga aljihu ya yi ta murɗe-murɗe.

Kawu ya gyara murya ke nan, ya ce, "Mun zo neman iri..."

Kirrrrrr!

Kawu ya zabura har hularsa ta faɗi. Na danne aljihu da hannu biyu, ƙarar ta ƙi tsayawa. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

"Yaro, fito da shi," in ji Baba Kyari da Hausarsa mai mayar da mace namiji.

Na fito da kaza. Daga bayan zana na ji mata sun fashe da dariya, har da muryar Falmata (har yau tana musu).

"Mi ne ne aikinsa?"

"Dafa ƙwai, Baba," na ce, murya kamar ta sauro.

Kawu ya dube ni, kallon da ke cewa mu haɗu a gida. Na riga na sallama auren. Shi kuwa tsoho sai jujjuya kazar yake yi.

"Yana jin tsoron babba? Yana tausayin ƙarami?"

"A'a, Baba. Lokaci na cika take kuka."

Ya kira 'ya'yansa, ya sa na murɗa ta har ƙarshe a gabansu. "Kaza ya yi kuka, mai ban ruwa ya sauka, ya ba ɗan'uwansa inji. Wanda bai yarda ba, ya yi faɗa da kaza." Sannan ya juya ga Kawu ya ce, "Ci gaba da magana. Yaronku yana da amfani."

An ba ni Falmata. Kazar ta yi shekaru a gindin injin, kuma har gobe a ƙauyen sunana Mai Kaza, 'ya'yana ma 'ya'yan Mai Kaza ne. Ina amsawa da ƙarfi, ƙirji a buɗe.

Abin da na koya shi ne, in za ka gidan surukai ka lalube aljihunka tukuna. In ka sami kaza, ka bar ta a ciki.