Limancina a Hanyar Kumasi

Shekarar da na fara shiga mota zuwa Kumasi, sai da na yi wa mutanen unguwarmu ta Ƙofar Marke alkawari ko allura ba za a sace mini ba.

A hanya direba ya tsaya sallar magariba. Wasu fasinjoji ukku sunka ce, "Malam, mutumin Sakkwato na nan, wa za ya shiga gaba?"

Na aje ƙunshin kilishina da sabuwar rigata a baya, na gyara rawani, na jawo doguwar sura don su ji karatun gida. Da na sallame, babu mamu, babu kaya, babu takalma.

Har yau in na shiga masallacin unguwa, sai wani ya ce, "Liman, shiga gaba, mu riƙe maka kaya."