Ranar da Na Bar Surukata a Tashar Charing Cross

Ba na jin zan taɓa mantawa da makona na biyu a Landan, ƙarshen shekarun tamanin, lokacin da aka turo ni ƙaro ilimi. Surukata Hajiya ta zo ganin likitan ido a Marylebone, aka ɗora mini rakiya. Na sha babbar riga, ina gaba tana biye, ina yi mata bayanin gari kamar a nan aka haife ni. (Gaskiyar magana, ban taɓa shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ba, wanda suke kira tube.)

Ni jirgin da na sani shi ne na Kano zuwa Legas. Akan yini a tasha da tabarma da ƙunshin abinci, in ya wuce ka kuwa sai wata rana. Saboda haka muna sauka ƙasa a Charing Cross na hango jirgi tsaye, ƙofa a buɗe, sai kaina ya kwance. Na ce, "Hajiya, a yi sauri!" Na tattare riga na zuba a guje, na faɗa ciki, takalmina ɗaya ya fice. Ƙofa ta rufe. Ta gilashi na ga Hajiya tsaye riƙe da jakarta tana kallona, har rami ya haɗiye mu.

Tsohuwar da ba ta jin Turanci ko kalma ɗaya! Me zan gaya wa 'yarta?

A tasha ta gaba na diro, ƙafa ɗaya a safa. Na tare wata Baturiya, na tambaye ta ko akwai wani jirgin yau. Ta dube ni sama da ƙasa, ta nuna mini wani allo mai wuta da ke rataye. Minti biyu. A ƙarƙashinsa ga wani jirgin, minti huɗu. Na ɗauka ba'a ce. Ban gama share gumi ba iska ta buso daga ramin, ƙarfe ya fara ƙara, ga jirgi nan daidai yadda allon ya faɗa. Wallahi na saki baki. Mutane kuwa ko ɗaga kai daga jarida ba su yi ba.

Ƙofa na buɗewa sai ga Hajiya zaune, wata mata 'yar zangon Kumasi a gefenta suna ta hira da Hausa. Matar ce ta ga abin da ya faru ta shigo da ita, har da takalmina a hannu.

"Baban Ummi," in ji Hajiya a hankali, "ashe kai ma baƙo ne?"

Matar ta ce, "Malam, a nan ba a bin tube da gudu. Wani na tafiya, wani na zuwa."

Na sa takalmina kowa na kallo. Mun isa wurin likita da sauran lokaci.

Tun daga ranar na daina gudu a tasha, na kuma daina shiga gaba a garin da ban sani ba, musamman in da suruka a baya.