Dokta Zare da Surukinsa

"Ni fa takardar shaida ce kawai ba ni da ita," in ji tela, yana gyara tef ɗin awo a wuya kamar abin sauraren ƙirji. "Kashi tamanin da huɗu na kalla na wasan asibitin nan na talabijin, ban tsallake ko ɗaya ba. A kawo mini mutum rai a hannun Allah, a ga aiki."

Ka dai san irinsu, ɗan'uwa. Wando ma sai ya ɗinka ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, amma ka kuskura ka yi tari a shagonsa, sai ya ce huhunka ya tara ruwa. 'Yan layin suka laƙaba masa Dokta Zare. Sakaran ya ɗauka girmamawa ce, har amsawa yake da, "Na'am, me ke damunka?"

Ran nan da hantsi matarsa ta rako mahaifinta karɓar ɗinki. Dattijo ne mai ciwon suga. Ya gwada sabuwar rigar, ya zauna a benci, sai gumi ya karyo masa, hannu na rawa, magana na sarƙewa. Can ya sulale ya jingina da bango.

Zuciyar Dokta Zare ta yi fari ƙal. Yau ga ranar da ya daɗe yana jira.

"Zuciya ce ta tsaya. Kowa ya ja baya."

"Maigida, ai yana numfashi," in ji matar. "Ga shi har yana kallonka."

"Haka suke yi. Ke kashi nawa kika kalla?"

Ya tuna a wasan da almakashi ake buɗe ƙirji, sai ya zari nasa ya tsarge sabuwar rigar daga wuya har ƙasa, alhali ga maɓallai nan shi da kansa ya ɗinka su. Ya nemi jijiya a wuyan hannu, ya dafe kan agogon dattijon.

"Bugun ya dawo, amma a hankali yake tafiya."

"Agogo ka riƙe, maigida."

Bai ko ji kunya ba. Ya waiga neman ƙarafunan nan biyu da ake manna wa mutum a ƙirji ya zabura, idonsa ya faɗa kan dutsen guga guda biyu, ɗaya ma a jone yake tun safe. Ya sunkuto su, ya goga su da juna yadda ya gani ana yi. Matar ta ƙwalla ƙara ta rungume mahaifinta.

Ƙarar ce ta jawo mai kemis ɗin da ke jikin shagon, tsohuwar nas da ta shekara talatin a asibiti. Ta dubi gwanin da dutsen guga a hannu.

"Ajiye, kafin ka goge mana bawan Allah." Ta juya ga matar. "'Yar nan, ya karya kumallo?"

"A'a, magani kawai ya sha muka fito."

"To, suga ne ya sauka."

Nas ta ga dattijon yana iya haɗiya, ta dama suga a ruwa ta ba shi kaɗan-kaɗan. Ba a jima ba Baba ya dawo hayyacinsa, yana kallon rigarsa da ta koma labule.

"Daman abin da nake shirin yi ke nan," in ji Dokta Zare. Ya matso ya duƙa kusa da ita. "Abokiyar aiki, bari in duba miki awon."

Nas ta soki yatsan dattijon da 'yar allura don ta auna sugansa. Jini ya fito, ɗigo ɗaya, bai kai kan ashana ba. Dokta Zare ya ƙura masa ido, ya ce, "Ashe haka yake a fili," sai ya zube cikin kwandon ƙyallaye sumamme.

Matar ta ɗebo ruwa za ta yayyafa masa. Baba ya riƙe hannunta.

"Ƙyale shi, 'yata. Bari in samu in isa gida tukuna, kada ya farfaɗo ya ci gaba da yi mini magani."