Mai Goro da Mutanen Cikin Randa

Wani ne a tashar motar Madarumfa, mai sayar da goro da alewa. Allah sarki, ba shi da mugun hali ko kaɗan, ga gaisuwa ga fara'a. Ƙyuya ce dai ta yi masa katutu, kan nan kuma ba a cika shi ba.

Sarkin tasha, Malam Hamisu, shi ya ba shi rumfar da yake zama, ta bakin ƙofa, inda duk mai shiga mota sai ya bi. Sharaɗi guda ya kafa masa: ya kula da babbar randar da matafiya ke shan ruwa, ya cika ta, ya wanke ta. Cikawa dai ana yi, tunda masu kura ke kawo ruwan. Wanki kuwa, randar nan ta yi wata huɗu ba ta ga soso ba.

Ran nan Malam Hamisu ya zo shan ruwa, moɗa ta suɓuce masa, ya zura hannu zai ɗauko. Sai ga hannu ya fito yana yauƙi kamar an tsoma shi a miyar kuɓewa.

"Kai! Mi ne ne wannan?"

"Sanyi ne, ranka ya daɗe. Ruwa in ya yi sanyi sosai haka yake yi."

"Sanyin gidanku! Gobe bayan azahar zan dawo in shafa. In na ji santsi, ko a ɗan yatsa guda, ka kwashe goronka, rumfa ta zama ta wani. Mutum uku ke bina a kanta."

Mutumin ya koma gida. Ya tarar da Farida, ɗiyar ƙanwarsa da ke karatu a jami'a a Maraɗi, ta zo hutu. Ya zauna ya kwashe duka ya gaya mata.

Ta ce, "Kawu, wannan yauƙin ai gida ne. Wasu ƙananan halittu ne ke gina shi, ido ba ya ganinsu. In suna kaɗan, kowa yawonsa yake cikin ruwa. Amma suna aika wa juna saƙo. Da sun ji sun yi yawa, sai su haɗa kai su manne a jikin randa, su lulluɓe kansu."

"Tsaya, tsaya. Magana suke yi? A cikin randata?"

"Ba da baki ba, Kawu, da wani sinadari ne da suke..."

"Wata huɗu ina zaune kusa da su, ko sallama babu! Ashe taro suke yi a kaina. To mi ke hana su maganar?"

Farida ta yi dariya. "Masu bincike na ta gwada abubuwa. Har a cikin tabar wiwi an samu sinadarin da in aka tace shi, aka ɗiga musu a ɗan faranti cikin ɗakin gwaji, saƙon nasu ke rikicewa, ginin ya ƙi kamawa sosai. Amma gwaji ne kawai fa. Kai dai ka nemi soso da toka."

Soso da toka ba su shiga kunnensa ba. Tun daga kan wiwi ya daina saurare.

Kafin la'asar sakaliya yana bayan tafki, wurin wani Kabo mai sayar da wiwi, wanda tun da aka san shi ba a taɓa ganin idonsa fari ba.

Kabo ya ce, "A'a! Har da kai, mai goro? Barka da shigowa."

"A'uzubillahi! Ba ni zan sha ba. Wasu ne."

"Kowa haka yake cewa ranar farko. Su nawa ne?"

"Ɗiyata ta ce sun fi mutanen Maraɗi da na Katsina in an haɗa."

Kabo ya dube shi, ya sake dubansa. Ya shiga bukka ya fito da ƙulli kamar kan jariri. "Ungo. In sun ji daɗi ka nuna musu hanya."

Saura yadda za a ba su, tunda an ce ba su da baki. Sai ya tuna yadda matarsa Ɗelu ke turara randar ɗakinta: ta juye ruwan, ta sa garwashi a kasko, ta zuba kajiji, ta rufe, in ta mayar da ruwa ya kwana uku yana ƙamshi. Ya ce a ransa, hanyar da ƙamshi ke bi ya shiga jikin randa, ai magani ma ita zai bi.

Washegari da hantsi ya kama kwasar ruwa da moɗa, yana nishi, yana zufa, har randa ta koma wayam. Ku duba fa, wahalar wankin duk ya riga ya sha ta. Da zai sa hannu ya goga sau goma da an gama. Ina! Sai ya zura kaskon garwashi a gindin randa, ya watsa rabin ƙullin, ya rufe da faifai, ya ɗora buhu.

Jim kaɗan ya ce bari ya ji ko sun yi shiru. Ya ɗaga faifai, ya zura kai har kafaɗa, ya ja buhu ya lulluɓe ƙeyarsa don kada hayaƙi ya tsere. Randa babu ruwa kuwa kun san halinta, sai ta riƙa yi masa wuuu a kunne.

Ya fito yana tari. "Ji su! Har yanzu suna yi!"

Ya ƙara dintsi guda, ya sake komawa. "Kai, ku yi mini shiru!"

Randa ta ce, "Shiru!"

"Ni kuke kwaikwayo? Ni?"

"Ni?"

Ya fito a fusace, ya juye sauran ƙullin gaba ɗaya, ya shiga a karo na uku. Wannan karon bai fito ba.

Wata tsohuwa da za ta Ɗan Issa ta zo da ƙishirwa, ta tarar da ƙafafu biyu da mazaunai a bakin randa, hayaƙi na fita ta gefen buhu. Ta ce, "Bawan Allah, akwai ruwa?" Daga ciki sai ta ji dariya, ƙyal-ƙyal-ƙyal, da muryar mai goro yana hira da mutanen cikin randa, yana cewa, "Haba dai! Ke ma a nan aka haife ki? To ina babanki?" Tsohuwa ta ja da baya tana salati. Direbobi suka taru. Wasu suka toshe hanci, wasu kuwa, Allah ya shirye su, suka ƙara matsowa. Awaki suka samu faifan goro ba mai tsaro, suka hau kan alewa.

Ana sallame azahar sai ga Malam Hamisu. Tun daga ƙofar masallaci warin ya tare shi. Ya kutsa cikin mutane, ya kama wuyan rigar mutumin, ya fizgo shi waje. Ido jajir kamar garwashin kaskon, fuska duk toka, baki har kunne.

"Ranka ya daɗe! Sannu da zuwa. Yanzun nan muke zancenka."

Malam Hamisu ya matsa bakin randa. Ya naɗe hannun riga, ya zura hannu, ya shafa. Yauƙi yana nan daram, sai ma baƙin hayaƙi da ya ƙaru a kansa. Ya ɗaga hannun kowa ya gani.

"Na ce ka wanke randa, ka mayar mini da tasha wurin da jandarma za su zo su kwashe mu duka! Tattara ya-naka-ya-naka ka bar rumfar nan, yanzu-yanzu!"

Mutumin ya ɗora yatsa a baki, ya karkata kunne wajen randa, ya gyaɗa kai sau biyu.

"Ni ba ni da gardama, ranka ya daɗe, zan tashi. Amma su, ka leƙa ka gaya musu da kanka, don sun ce ba inda za su sai an kawo musu dambu da soyayyen kifi."