Rasuwar Karɓi-Kowa, Mai Gadin Gwajin Manhajarmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da kallon kwamfuta ya kumbura, abokin aikinmu Dogo, mai rubuta manhajar motocin ɗaukar 'yan makaranta, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Karɓi-Kowa, ɗan guntun umarnin da ya rubuta da hannunsa tun yana sabon shiga.

Aikin marigayin gadi ne. Idan za a gwada manhaja, akan kafa ma'ajiyar bayanai ta bogi, shi kuma ya tsaya bakin ƙofarta yana duba saƙon da aka kawo. Kowa ya shaide shi da kunya. In ka miƙa masa kwando, ya ga kwando ne, to magana ta ƙare. Ko sunaye ne a ciki ko lokuta, bai taɓa ɗaga murfi ya tozarta baƙo ba. Abin da kawai muka taɓa ji daga bakinsa shi ne "ƙil!", sai allo ya yi kore shar, alamar an ci gwaji, Dogo ya miƙe ya tafi shan iska.

Ciwon ajali ya kama shi ranar da aka kawo jerin sunayen direbobi a gurbin lokutan tashi, ya ce a wuce. Da safe iyaye suka samu saƙo cewa mota za ta iso da ƙarfe Baban Gambo. Wata uwa ta kira ofis a fusace, tana tambaya ko kafin bakwai ne ko bayanta.

Dogo ya yi jinya iya ƙarfinsa. Ya yi masa allurar dole, ya toshe bakin duk gargaɗin da kwamfuta ta yi. Da Anti, shugabar sashe, ta leƙo ta duba majinyacin, sai ta dafa kafaɗar Dogo ta ce ya yi haƙuri, ya sa wanda zai riƙa zazzage kwando yana duba kaya ɗaya bayan ɗaya.

Ya rasu ya bar gwaje-gwaje marayu masu yawa, duk sun faɗi, sun yi jajir a allo, da magajin da ba ya yarda da kowa, har da Dogo.

Za a goge shi gobe da hantsi, da zarar mutum biyu sun amince. Ana zaman makoki a teburin Dogo, kusa da taga. Masu zuwa ta'aziyya su taho da kwamfutocinsu, domin ba mai fita sai ya ɗauki maraya ɗaya ya gyara.